KEKE DA YARDA DA ƘADDARA A ZAMANIN GAGGAWA



GABATARWA

Wataƙila wani zai yi mamaki idan ya ji an tara jama'a a zauren jami'a domin a yi magana a kan keke. Ai keke, in ji shi, abin hawan masinja ne da ɗan makaranta da mai kai kaya kasuwa. Ina ruwansa da manyan al'amura irin su ƙaddara da natsuwar zuciya? To, dalilin zaɓen wannan batu ba boyayye ba ne. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur a Nijeriya. Cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu, kafin ƙarshen 2024 kuwa ya haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Ma'aikata da dama suka jingine motocinsu, wasu suka sayar, wasu kuma suka kakkaɓe tsohon keke suka koma kansa. Daga cikinsu akwai wanda ciwon ƙafa bai dame shi kamar ciwon zuciya ba, watau kunyar a gan shi a kan keke bayan an saba ganinsa a mota.

Wannan ciwon zuciya shi ne abin da laccar nan za ta duba. Za ta nuna cewa yarda da ƙaddara, kamar yadda malamai na ƙwarai suka fahimce ta, aiki ce da mutum ke yi da zuciyarsa a daidai lokacin da gaɓoɓinsa ke kan aiki, kuma babu wani abin hawa da ke bayyana wannan a fili kamar keke.

ALKAWARIN ZAMANI

Keke ɗan zamani ne, tare da jirgin ƙasa suka taso. A 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera abin hawa na katako mai ƙafa biyu wanda ake turawa da ƙafa a ƙasa. Wajen 1860 da 'yan kai aka sa masa feda a birnin Faris. A 1885 John Kemp Starley na Coventry a Ingila ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna, da sarƙa mai juya ƙafar baya, watau irin siffar da aka sani yau. A 1888 John Boyd Dunlop ya sa masa taya mai iska. Daga nan kekuna irin su Raleigh na Nottingham suka bazu a duniya, har suka shigo ƙasar Hausa a zamanin Turawa, inda mallakar keke ta zama alamar wadata ga malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa.

Amma zamanin da ya haifi keke bai tsaya a kansa ba, domin alkawarin da ya yi wa ɗan Adam shi ne cewa kowace wahala tana da na'urar da za ta kawar da ita: nisa yana da mota, zafi yana da na'urar sanyaya ɗaki, jira yana da waya. A Nijeriya an ga ƙarfin wannan alkawari a 1975, lokacin da aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, a shekarar da aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Ikko. Mai keke ya koma babur, mai babur ya koma mota, keke kuwa ya zama abin da ake bari a baya idan Allah ya ɗaga mutum.

Babu mai hankalin da zai raina waɗannan ni'imomi. Inda matsalar take shi ne abin da suka koya wa zuciya. Mutumin da ya saba da cewa kome yana zuwa da taɓa maɓalli, idan ya gamu da abin da ba shi da maɓalli, kamar ciwo mai tsanani, ko faɗuwa jarrabawa, ko rashin ƙarin girma, ko mutuwar ɗa, sai ya ga kamar an ci amanarsa. Har ma saurin da ake taƙama da shi akwai magana a kansa. A 1974 wani masani haifaffen Ostiriya, Ivan Illich, ya yi lissafin cewa idan aka haɗa lokacin da Ba'amurke ke yi a cikin mota da lokacin da yake yi yana aiki domin ya biya kuɗinta da na mai da na gyara da haraji, za a sami kamar awa 1,600 a shekara, domin tafiyar mil 7,500. Idan aka raba, bai kai mil 5 a awa ba, saurin da mai keke ke wucewa ba tare da ya yi gumi sosai ba.

MA'ANAR YARDA

Kafin a hau keken, ya kamata a tantance kalmar, gama an daɗe ana yi mata mummunar fahimta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a kanta a kashi na ƙarshe na littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ya bambanta haƙuri da yarda. Mai haƙuri yana jin zafin abu, yana ƙinsa, amma ya kame bakinsa da hannunsa daga saɓo. Mai yarda ya wuce nan, domin zuciyarsa ta daina gardama da hukuncin Ubangiji. Ya ba da misali da majiyyacin da ya je wurin mai yin ƙaho: yana jin zafin tsaga sarai, amma da ƙafarsa ya zo, har yakan biya lada ya yi godiya, saboda ya san abin da ke bayan zafin. Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami ya san wannan hali.

Haka nan Gazali ya yi kashedi cewa barin neman sababi ba tawakkali ba ne. Mai jin yunwa da aka ajiye wa abinci a gabansa, ya ƙi miƙa hannu wai yana jiran Allah ya ƙosar da shi, jahiltar sunnar Allah ya yi. Ya kuma bayyana cewa yin addu'a, da ƙin saɓo, da ƙoƙarin kawar da ɓarna, duk ba su warware yarda. Shaihu Ibn Aɗa'illahi na Iskandariya, wanda ya rasu a 1309, ya rubuta littafi sukutum a kan wahalar da bawa ke jawo wa kansa idan ya nace sai ya tsara sakamakon al'amura da kansa, alhali aikinsa kawai aka ɗora masa.

Ba Musulmi kaɗai suka gano wannan ba. Efiktetus, masanin falsafa wanda ya tashi a bawa a birnin Rum a ƙarni na farko na Miladiyya, ya gina koyarwarsa a kan raba al'amura gida biyu, waɗanda ke hannun mutum da waɗanda ba su hannunsa, ya ce yawancin baƙin ciki daga cakuɗa su yake fitowa. Bahaushe ma ya riƙe ɓangarorin biyu a karin maganarsa, domin bakin da ya ce haƙuri maganin zaman duniya shi ne ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

ABIN DA KEKE KE KOYARWA

Darasi na farko yana zuwa tun ranar koyo. Keke ba ya tsayuwa da kansa, kullum yana cikin karkata, ko dama ko hagu. Yaro mai koyo idan ya ji keken ya karkata hagu, tsoro yakan sa ya murɗa kan keken dama domin ya guje wa faɗuwa, nan take kuwa sai ya sha ƙasa. Ranar da ya iya ita ce ranar da jikinsa ya gane cewa dole ne ya juya kan keken zuwa ɓangaren da yake faɗawa, domin tayoyin su koma ƙarƙashin nauyinsa. Abin da ake gani kamar tafiya ce miƙaƙƙiya, ƙananan karkata ne masu yawa da ake gyarawa ɗaya bayan ɗaya. Haka al'amarin yake ga ma'aikacin da albashinsa ya daina isarsa. Idan ya kau da kai, ya ci gaba da rayuwar da ya saba ta hanyar bashi ko taɓa dukiyar hukuma, ya yi irin na yaron nan. Idan ya fuskanci abin, ya zauna da iyalinsa suka yi lissafi, ya fara samun daidaito.

Darasi na biyu na iska ne. Wanda ya taɓa tashi daga Kano ya nufi Gumel ko Haɗeja a watan Janairu, lokacin da hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, ya san cewa ba mai kayan kara kaɗai iska ke wahalarwa ba. Masana kimiyya sun nuna cewa turjiyar iska tana ninkuwa sau 4 idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin da ake bukata domin a keta ta kuwa yana ninkuwa sau 8. Ma'anar wannan ita ce fushi da iska yana da tsada ƙwarai: wanda ya dage sai ya yi gudun da ya saba, zai zubar da ƙarfinsa duka ya sami ƙari kaɗan, kafin rabin hanya ya sauka yana haki. Gogaggen mahayi yakan sunkuya, ya rage giya idan kekensa yana da ita, ya karɓi saurin da ranar ta ba shi, ya ci gaba da taka feda. Bai so iskar ba, amma ya daina ɓata numfashinsa wajen tsine mata. Idan kuwa suna da yawa, sai su jeru, na gaba ya tare wa na baya iska, ana canji. Na baya yakan sami sauƙin da ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Wannan ya nuna cewa karɓar ƙaddara ba ta hana neman taimakon 'yan'uwa.

Darasi na uku na yashi ne da tudu. Idan taya ta shiga yashi, mai ƙanƙame kan keke da ƙarfi shi ke faɗuwa, mai sassauta hannu ya bar ƙafar gaba ta nemi hanyarta shi ke fita. A tudu kuma, irin na Hawan Kibo a hanyar Jos, mota takan ɓoye wa mutum gaskiyar ƙasa, keke kuwa yakan gaya masa ita a cinyoyinsa. Ba a yi wa tudu wayo, ba a ba shi cin hanci, ba ya kuma duban muƙamin mai hawa. Taki ɗaya bayan ɗaya ake cinye shi. Sannu ba ta hana zuwa.

MAƘERAR WANI ƘAUYE A FARANSA

Tarihin tseren keke ya adana wani labari da ya tara waɗannan darussa wuri guda. A 1903 wata jarida mai suna L'Auto, ƙarƙashin editanta Henri Desgrange, ta ƙirƙiro tseren zagaya ƙasar Faransa, wanda har yau shi ne mafi girma a duniya. Dokokinsa na farko masu tsauri ne, ciki har da cewa idan keke ya lalace, mahayin ne kaɗai zai gyara shi, ba a yarda kowa ya sa masa hannu ba.

A watan Yuli na 1913, a zangon da ya tashi daga Bayonne zuwa Luchon, tafiyar kilomita 326 cikin duwatsun da suka raba Faransa da Sifen, wani Bafaranshe mai suna Eugene Christophe yana cikin na gaba-gaba, ana ganin shi zai ci tseren baki ɗaya. Ya haye mashigin dutsen Tourmalet, mai tsawon mita 2,115, ya fara gangarowa, sai ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da ƙafar gaba ya karye. A wannan lokaci abin da ya yi shekaru yana nema ya kuɓuce masa, shi ma ya san haka, domin ya ba da labari daga baya cewa yana tafe yana kuka. Duk da haka ya saɓa keken a kafaɗa, ya gangara da ƙafa wajen kilomita 10, abokan tserensa suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har ya isa ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya nemi maƙera.

Maƙerin garin ba shi da ikon taɓa keken, sai dai ya ba da shawara da baki. Alƙalan tseren suka tsaya a kansa suna kallo. Christophe ya ɗauki masaba da awartaki ya shiga ƙira da hannunsa. Da ya zo inda hannu biyu ba su isa ba, sai wani ƙaramin yaro ya yi masa zuga. Saboda wannan zugar alƙalai suka ci shi tarar minti 10, mutumin da ya riga ya yi hasarar kusan awa 4. Ya ɗaura ƙarfen, ya hau, ya haye sauran duwatsu biyu da suka rage a zangon, ya ci gaba har Faris, ya ƙare na 7. Philippe Thys na Beljiyam ne ya ci.

Labarin bai tsaya nan ba. A 1919 Christophe ne mutum na farko da aka sa wa rigar nan rawaya wadda ake ba wanda ke kan gaba. Saura zango biyu a gama, yana gaba da kowa, ƙarfen ya sāke karyewa a kan hanyar duwatsu kusa da Valenciennes. Ya sāke gyarawa da kansa, ya ƙare na 3. A 1922 ya karye karo na uku a gangaren dutsen Galibier. Har ya rasu a 1970 bai taɓa cin tseren ba.

Abin lura a nan shi ne inda ya sa iyaka. Karyewar ƙarfe, da tsaurin doka, da tarar da kowa ya ga ba ta dace ba, duk ba su hannunsa, bai kuwa tsaya jayayya da su a bakin dutse ba. Tafiya zuwa maƙera da riƙe masaba suna hannunsa, bai bar ko ɗaya ba. Kukan da ya yi bai rage masa kome ba, gama hawaye ba su warware yarda. Yau akwai allon tunawa da shi a jikin ginin maƙerar nan, mahaya keke daga ƙasashe dabam-dabam suna tsayawa su gani.

WAƊANDA SUKA ƘI YARDA

Wannan tsere ya nuna ɗaya fuskar kuma. A ranar 13 ga Yuli, 1967, Tom Simpson na Ingila, zakaran duniya na 1965, yana hawan dutsen Ventoux cikin zafi mai tsanani, ga shi da ciwon ciki. Jikinsa ya gaya masa ya isa, amma ya riga ya sha ƙwayoyin hana gajiya da suka toshe wannan gargaɗi. Ya faɗi kusa da ƙololuwar dutsen, ya rasu yana da shekara 29. Gajiya ni'ima ce da Allah ya sa ta zama birki ga jiki, wanda ya cire birki kuwa ya san abin da ke jiransa a gangare.

Lance Armstrong na Amurka ya ci tseren sau 7 a jere, daga 1999 zuwa 2005, bayan ya warke daga ciwon daji, duniya ta ɗauke shi gwarzo. A 2012 aka ƙwace nasarorin duka bayan bincike ya tabbatar da cewa da magungunan da aka haramta ya same su, a Janairun 2013 kuma ya amsa da bakinsa a talabijin. Ya ƙi yarda da iyakar da aka halicce shi da ita, sai ya saye abin da ba rabonsa ba da ƙarya. Ɗalibin da ya shiga jarrabawa da satar amsa, da ma'aikacin da ya rage shekarunsa a takarda domin kada ritaya ta cim masa, duk a wannan hanya suke.

A gefe guda kuma ga Raymond Poulidor, ɗan manoma, wanda ya shiga tseren sau 14, ya zo na biyu sau 3, na uku sau 5, bai taɓa sa rigar rawaya ko da yini ɗaya ba, domin ƙaddara ta haɗa zamaninsa da na gwanaye biyu, Jacques Anquetil da Eddy Merckx. Bai daina ƙoƙari ba, bai kuma zama mai ɗacin rai ba, har Faransawa suka so shi fiye da waɗanda suka riƙa kayar da shi. Ya rasu a 2019. Bayan shekara biyu, a 2021, jikansa Mathieu van der Poel ya sa rigar da kakan bai samu ba.

IYAKAR YARDA

Lalle ne a yi hattara a nan, domin masu mulki da masu dukiya sun daɗe suna amfani da kalmar haƙuri wajen rufe bakin talaka. Iska da tudu daga Allah suke. Ramin da ke tsakiyar titi bayan an fitar da kuɗin gyaransa, da direban da ke ture mai keke cikin kwata, da albashin da aka riƙe wata da watanni, waɗannan aikin mutane ne, kuma mai yarda da ƙaddara yana da cikakken haƙƙin ya nemi a gyara su.

Ƙasar Holan ta ba da misali. A 1971 haɗarin mota ya kashe mutum fiye da 3,000 a can, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye ba su ce haka Allah ya so suka yi shiru ba. Suka kafa ƙungiya, suka fita tituna suna neman a daina kashe musu 'ya'ya. Da rikicin man fetur na 1973 ya zo, gwamnati ta hana hawan mota ran Lahadi na wani lokaci, jama'a suka ga yadda garuruwansu suke idan babu motoci. Tsadar mai ba ta hannunsu, suka karɓe ta. Tsarin titunansu yana hannunsu, suka sāke shi. Yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, kuma ba abin mamaki ba ne a ga minista ya tafi ofis a kan keke. Ma'aikatan da ke tsara birane da hanyoyi a ƙasar nan suna da abin dubawa a wannan.

KAMMALAWA

A taƙaice, zamani ya koya wa mutum ya auna darajarsa da saurinsa da abin hawansa, ya kuma sa masa rai cewa babu abin da zai gagare shi. Rayuwa ba ta cika wannan alkawari ga kowa ba. Ɗalibin da ke zaune a zauren nan zai gamu da shekarar da ya yi karatu iyakar ƙoƙarinsa sakamako bai zo yadda ya so ba. Ma'aikaci zai ga an ɗaga na bayansa an bar shi. A irin wannan rana tambayar da za ta amfane shi ita ce wadda mai keke ke yi wa kansa kowace safiya: a cikin abin nan, mene ne iska, mene ne kuma feda? Abin da ya zama iska, ya miƙa shi ga Mai iska, zuciyarsa ta huta. Abin da ya zama feda, ya taka shi da dukan ƙarfinsa.

Shi kuwa ma'aikacin da aka fara magana a kansa, wanda ya jingine mota ya koma keke, babu abin kunya a tare da shi. Ya ciyar da iyalinsa da halal, ya isa ofis a kan lokaci, bai ci bashin da zai hana shi barci ba. Idan Allah ya sāke buɗa masa ya koma mota, ya riƙa tunawa da masu keke ya ba su hanya.

Allah ya ba da ikon bambance abin da za a ɗauka da abin da za a gyara.